Mizanin Shari'a ga Mai Rubuta Fim a kan Ta'asar da ta Faru da Gaske

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, wasu samari na nan Karofane sun tambaye mu ko ya halatta su rubuta wasan kwaikwayo a kan kisa ko satar mutane da ta auku da gaske, su ɗauka da wayar hannu kamar yadda suke gani a fina-finan Kano. Tambaya ce mai nauyi, domin daga Buza zuwa Madawa da Keita babu wanda bai ji labarin ɓarayin daji na bakin iyaka ba, kuma kowane labari yana da gidan da ake kuka a cikinsa.

Ku sani, ba da labarin laifi ba haramun ba ne a karan kansa. Alƙur'ani ya ba mu labarin kisan farko a bayan ƙasa cikin Suratul Ma'ida, aya ta 27 zuwa 31, ya kuma ba mu labarin makircin da aka ƙulla wa Annabi Yusufu (AS). Amma ku lura, bai ambaci sunan ɗan Adamu da ya yi kisan ba, bai jera sunayen ƴan uwan Yusufu ba, bai faɗi sunan matar Azizu ba. Ya fito da darasi, ya rufe abin da ba ya ƙara wa mai sauraro tsoron Allah. Daga nan muke ɗauko awo uku da ya wajaba a gwada rubutu da su tun kafin a ɗauki hoto.

Na farko, gaskiya. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari, kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Ku tuna yarinyar nan ƴar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a Disamba 2021, aka gano gawarta a Janairu 2022. Mutum uku aka gurfanar. A Yuli 2022 Babbar Kotun Kano ta yanke wa biyu hukuncin kisa, ta yanke wa macen da ke cikinsu ɗaurin shekara 2. Da marubuci ya yi gaggawa tun a Janairu, da ya yi musu kuɗin goro, alhali alƙali ya bambanta. Saboda haka kada a rubuta komai kafin shari'a ta ƙare, kada kuma a ƙaga wa mutum sananne maganar da bai faɗa ba don fim ya yi armashi. Wannan ƙazafi ne.

Na biyu, haƙƙin masu abin. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta nuna cewa Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Ke nan izinin na wanda aka cuta ne. A nan jiharmu ta Tawa, an sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12. Ita ta kai kukanta da kanta, da taimakon ƙungiyar Timidria, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa hukuma ta gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Mai son rubutu a kan irin wannan yana da hukuncin kotu da zai dogara da shi, yana kuma da mai haƙƙi da zai nemi yardarsa. Amma wanda zai tono asirin matar da aka sace aka sako, ko ya sa marayu su ga ana kwaikwayon yankan mahaifinsu, da izinin wa ya yi? Imamu Nawawi ya kawo wurare shida da aka yi rangwame a ambaci aibin mutum, kamar kai ƙara da neman fatawa da gargaɗin Musulmi. Neman kuɗi da neman suna ba sa cikinsu.

Na uku, abin da mai kallo zai tashi da shi. Idan rubutu ya nuna dalla-dalla yadda ake fakon mutum da yadda ake karɓar kuɗin fansa, ya sanya wa ɓarawo kyakkyawan babur da kwarjini, to makarantar ɓarna aka buɗe, ko da an kashe shi a minti na ƙarshe. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar a Satumba 2021 da hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Mu a nan babu mai tace abin da ke shiga wayoyin ƴaƴanmu sai mu kanmu. Aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai.

Nasiharmu ga samarinmu ita ce: ku canza suna da gari, ku nemi yardar iyalan da abin ya shafa, ku kai rubutun gaban malami ya duba tun yana takarda. Idan iyalan sun ƙi, ku haƙura. Hawayen uwa ɗaya ya fi dubban masu kallo nauyi a ranar hisabi. Mu kuma masu kallo, duk wanda ya tura irin wannan hoto ga wani yana da kamasho a cikin zunubinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.