Ambaliya: Hukunci Ne Ko Jarrabawa?

Da asubahin Alhamis, 29 ga Mayu, 2025, bayan ruwan sama mai ƙarfi da aka kwana ana yi, ambaliya ta auka wa garin Mokwa na Jihar Neja, ta share unguwannin Tiffin Maza da Anguwan Hausawa. Cikin kwanakin farko hukumomi suka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, wasu ɗaruruwa kuma aka neme su aka rasa. Mu da ke nan Gidan Kwano, a kan hanyar Bida wadda ita ce ke zarcewa har Mokwa, ba mu ɗauki abin a matsayin labarin nesa ba. Tun ba a gama jana'iza ba aka soma jin wata magana a majalisu da tashoshin mota, wai fushin Allah ne saboda zunubi ya yi yawa. Wannan muƙala za ta auna wannan magana, domin ta shafi mutuncin mamata, ta kuma shafi rayukan waɗanda suka rage.

Masu wannan ra'ayi suna da madogara. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin ɗufanar Annabi Nuhu, da iskar da ta halaka Adawa, da ɓallewar madatsar ruwan mutanen Saba'i. Kiristoci ma suna karanta labarin Nuhu da na Saduma a Littafi Mai Tsarki. Saboda haka mai imani ba zai musanta cewa Ubangiji yana iya hukunta al'umma da ruwa ko iska ba. Sai dai akwai abin lura. Mun san waɗancan masifu azaba ce domin wahayi ne ya faɗa, bayan an aiko manzo ya yi gargaɗi an ƙaryata shi. Wahayi kuwa ya yanke. Wanda ya tsaya a yau ya ce ruwan Mokwa azaba ce, ya yi da'awar sanin gaibu.

Bugu da ƙari, nassoshi sun nuna cewa masifa tana samun salihan bayi. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya rufta wa cikin shahidai. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke manyan sahabbai irin su Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, kuma ba wanda ya zarge su da jawo ta. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (S.A.W.), ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta husufin da rasuwar, sai Annabi ya hana su. A Linjilar Luka, babi na 13, Annabi Isa ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya bayyana cewa ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Cikin waɗanda ruwan Mokwa ya tafi da su akwai ƙananan yara da almajirai masu karatun Alƙur'ani. Wane zunubi za mu jingina musu?

Turawa ma sun yi wannan muhawara. A ranar 1 ga Nuwamba, 1755, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, a safiyar wata ranar ibada, majami'u cike da jama'a. Malaman addini da yawa suka ce hukunci ne. Masanin falsafa Rousseau kuwa ya jawo hankali ga cewa mutane ne suka cunkusa dubban gidaje masu hawa shida da bakwai wuri guda, don haka suna da hannu a yawan asarar.

Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata mu ba ƙarfi. Saukar ruwa ikon Allah ne. Toshewar magudanai da shara, da gini a kan hanyar ruwa, da sare dazuzzuka domin gawayi, aikin hannunmu ne. Kowace shekara hukumar kula da ruwa ta ƙasa, NIHSA, takan fitar da hasashen ambaliya, Jihar Neja kuma tana cikin waɗanda ake yawan ambata. Madatsar Alau ta jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994, ta sake ɓallewa a Satumbar 2024, shekara 30 cif a tsakani. Idan muka rufe zancen da cewa hukunci ne, to, mun wanke jami'in da ya ba da fili a kwari, da ɗan kwangilar da ya ci kuɗin kwalbati, mun ɗora laifin kan gawar da ba ta iya kare kanta. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Imani da ƙaddara bai taɓa hana riƙo da sababi ba. Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma fahimtar da masu ja da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi Yusuf bai tsaya ga fassara mafarkin fari ba, tanadin hatsi na shekara bakwai ya tsara.

Saboda haka, idan masifa ta sauka, kowa ya binciki zuciyarsa ya tuba, wannan kam addini ya yi umarni da shi. Mamata kuwa addu'a da kyakkyawan zato ne haƙƙinsu a kanmu. Mu da muke koyon aikin injiniya da tsara birane da awon ƙasa a wannan jami'a, namu nauyin ya fi na kowa, domin gobe mu za a kawo wa taswirar gini mu sa hannu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu ikon sauke amana.