Itacen da Ke Cin Mutum

A shekarar 1874 wata jaridar birnin New York a Amurka ta buga labarin wani itace a tsibirin Madagaska. Wai kututturensa kamar abarba yake, amma ya fi mutum tsawo, a samansa kuwa akwai wani ruwa mai zaƙi mai sa maye. Mutanen wata kabila, wai Mkodo, suka tilasta wa wata mace ta hau ta sha. Tana kurɓa, sai rassan suka nannaɗe ta kamar mesa, manyan ganyaye suka rufe ta ruf. Da suka buɗe bayan kwanaki, ƙasusuwa kaɗai suka rage.

Babu itacen, babu kabilar. Bajamushen da aka ce ya gani da idonsa ma ba a taɓa haihuwarsa ba. Wani ɗan jarida ne, Edmund Spencer, ya ƙaga labarin. Tsire-tsire masu cin nama kam akwai su, har a dazuzzukan Saliyo da Laberiya, amma ƙwari ne abincinsu.

To, alhakin yana wuyan wa? Maƙaryacin mutum ɗaya ne, sau ɗaya kuma ya yi ƙaryarsa. Amma bayan shekara 50, a 1924, Chase Osborn, tsohon gwamnan jihar Michigan, ya maimaita ta cikin littafi, har ya ce 'yan mishan sun san da itacen. Wane abinci ya raya shi tsawon wannan lokaci? Kunnuwan masu jin daɗin a ce baƙaƙen mutane na can nesa suna miƙa 'yarsu ga itace. Mai cewa "haka na ji" yakan ɗauka hannunsa tsarkakakke ne, alhali kuwa shi ne mai ban ruwa.

A Ankara ma akwai irin wannan shuka. Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20, mutane suka gina gidaje, suka yi ciniki, suka aurar da 'ya'ya. Duk da haka wanda bai taɓa taka Nima ko Maamobi ba yakan rantse cewa wuraren nan matattarar ɓarayi ne, wanda ya shiga sai ta Allah. Ɓarayi dai ba a rasa su a kowace unguwa. Amma shi wannan itace ba na takarda ba ne, yana ci da gaske: saurayi ɗan zango ya je neman aiki, a tambaye shi inda yake zaune, sai ya ɗan yi shiru, ya ambaci wata unguwa dabam.