Kayan Koyarwa da Hannun da ke Riƙe da Su

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu da ƙidaya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan uwa, a kwanakin baya wani malamin lakkol da ke salla tare da mu ya nuna mana wani kwali da aka kawo wa ajinsa. A ciki akwai ƴan sandunan ƙirga, da katuna masu hoto da kalma a ƙarƙashinsa, sa'an nan da waɗansu katuna dabam masu zanen fuskoki: wannan tana dariya, wannan ta murtuke, wannan ta firgita. An ce masa sandunan na lissafi ne, katunan farko na koyon kalmomi, na ƙarshe kuwa na koya wa yara gane abin da ke cikin zuciyarsu da iya zama da mutane. Dattawan da ke wurin suka saɓa. Wani ya ce tarbiyya ba ta zuwa cikin kwali, kuma wannan wasa ne da hankalin ƴaƴanmu. Wani ya ce da an wadata kowane aji da irin wannan kaya da yaran zamani sun shiryu. Mun ga ya kamata mu duba wannan mas'ala a natse, domin ta shafi amanar da ke wuyanmu: mene ne kayan aiki ke iya koya wa yaro, kuma mene ne ba ya iyawa?

Mu fara da lissafi, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauke shi ilimin boko tsantsa, wanda addini bai damu da shi ba. Wannan kuskure ne babba. Manomin da ya ɗaure dami 70 na gero a gonar damina, kuma amfanin ya kai nisabi, dami 7 ne zakkarsa, wato ɗaya bisa goma. Wanda ya noma shinkafa da wahalar ban-ruwa ɗaya bisa ashirin zai fitar. Mai tumaki 40 da shekara ta zagayo musu, guda ɗaya ke kansa. Idan magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗa namiji da ɗiya mace, kuma abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya jika 240 ne, matar tana da tumuni, wato jika 30, namijin 140, macen 70. Wanda bai iya raba 240 gida takwas ba zai ci haƙƙin gwauruwa ko na marainiya alhali yana zaton adalci yake yi. Saboda irin wannan buƙata ne Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara ga mas'alolin wasiyya da gado.

To, ta yaya ƙidaya ke shiga kan yaro? Ta hannu take shiga kafin ta kai ga allo. Ku dubi yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli. A ba ta dala 20 a sayi na dala 7, nan take za ta mayar da dala 13 ba tare da ta tsaya tunani ba. A aji kuwa, mushe ya rubuta mata 100 a cire 35, sai ta yi tsuru-tsuru, alhali tambaya ɗaya ce, tun da dala guda sefa 5 ce. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. An raba ta da abin da take taɓawa, an ba ta alama tsirara, cikin harshen da ba ta ji sosai. Malamin da ya fahimci haka zai sa a yanko karan dawa, a ɗaure goma-goma da zare. Idan za a cire 5 daga kara 30, dole a kwance ɗauri guda. Yaro ya gani da idonsa dalilin abin da ake kira aro, wanda da can yake yi bisa hadda kawai. Tsakuwa, ƙwallon dabino, murfin kwalba, tiya da ake awon hatsi da ita, duka kayan lissafi ne, kuma ba su buƙatar jirgi ya kawo su. A nan dattijon da ke yabon kwali yana da gaskiya: kayan aiki suna koyar da lissafi, rashinsu kuma cuta ne. Binciken PASEC na shekarar 2014 ya nuna cewa a Nijar yaran da suka kai ƙarshen makarantar farko da isasshen sani a lissafi ba su kai 1 cikin 10 ba, haka ma a karatu.

Akwai kuma wata magana ta Ibn Khaldun, Allah ya jiƙansa, wadda ta daɗe tana ba mu mamaki. A cikin Muƙaddima ya nuna cewa wanda ya saba da lissafi tun yana ƙarami gaskiya kan zame masa ɗabi'a, domin ilimi ne da ke tilasta wa mutum ya binciki kansa, kuma ba ya karɓar kusan-kusan. Yaron da aka koya masa ya sake ƙirga karansa kafin ya ba da amsa, ya kuma ce “na yi kuskure” ba tare da an tsare shi ba, ya riga ya fara koyon abin da ya fi lissafi.

Game da kalmomi ba za mu tsawaita ba. Magabatanmu ba su raina dabara ba. Su ne suka raɗa wa baƙaƙen Larabci sunaye na Hausa, irin su ba guje da mim jaye da ha kuri, domin yaro ya riƙe siffar harafi ta hanyar abin da ya sani. A zauren ilimi kuma malam yakan karanta jumla ya fassara ta kalma bayan kalma, ɗalibi yana bi, har lugga ta zauna. Katin hoto ɗan uwan wannan dabara ne, muddin hoton na abin da yaro ya sani ne ko ake iya gwada masa. Asalin ƙa'idar ita ce a tashi daga sananne zuwa ga wanda ba a sani ba, kuma a kanta aka gina makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, inda ake fara wa yara karatu da Hausa kafin Faransanci. Abin da za mu ƙara shi ne kalma ba ta rayuwa a kan kati. Sai an faɗe ta a gida, an ji ta cikin labari, yaro ya yi kuskure da ita an gyara masa. Uban da ba ya hira da ɗansa sai umarni da tsawa kada ya zargi mushe idan yaron ya tashi da ƙarancin magana.

Katunan fuskoki su ne inda gardama take. Wannan fanni, da sunansa da tsarinsa na yanzu, daga Amurka ya fito. A 1994 aka kafa wata ƙungiya a can mai suna CASEL, wadda ta kasa shi gida biyar: mutum ya san kansa, ya iya riƙe kansa, ya gane halin da waninsa ke ciki, ya iya hulɗa da mutane, ya kuma yanke shawarar da zai iya ɗaukar nauyinta. Duk wanda ya zauna gaban malami zai gane waɗannan abubuwa da sunayen da muka gada: yi wa kai hisabi, haɗiye fushi, tausayi, kyakkyawar mu'amala, da duban ƙarshen al'amari kafin a shiga. Saboda haka ba mu ga dalilin ƙin abu don kawai ya zo daga nesa ba. A duba shi. Abin da ya dace da shari'a a karɓa, wanda ya saɓa a bari.

Sai dai tsoron dattijon nan na farko ba na banza ba ne. Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Muna yabon yaron da ya sha wuya bai nuna ba, muna kuma gudun a wayi gari ƴaƴanmu sun zama masu faɗin duk abin da ya zo bakinsu a gaban manya. Kunya alheri ce, ba ma jayayya. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: duk shirun da yaro ke yi kunya ce? Tun daga 2015 aka yi ta kai hare-hare a jahar Difa, tun daga 2019 kuma dubban iyalai suka tsallako zuwa jahar Maradi suna gudun ƴan bindiga. A cikin azuzuwanmu akwai yaran da suka ga abin da babba ma ba ya son tunawa. Irin wannan yaro yakan zabura idan an buga ƙofa, ko ya doki na kusa da shi ba gaira ba dalili, ko ya zauna kamar gunki. Idan katin fuska ya ba shi hanyar da zai nuna da yatsa cewa tsoro yake ji, alhali bakinsa ya kasa, to katin ya yi aiki. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga ƙanen Anas ɗan Malik cikin baƙin ciki saboda ɗan tsuntsunsa ya mutu, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Bai ɗauki damuwar ƙaramin yaro abin wofi ba.

Iyakar katin ke nan a ganinmu. Yana ba yaro sunan abin da ke ransa, wato shi ma darasin kalmomi ne. Sanin sunan haƙuri kuwa dabam yake da yin haƙuri. Yaro yana ɗaukar hali daga abin da ake yi masa da abin da ake yi a gabansa, ko malam ya nufa ko bai nufa ba. Idan aka nuna katin tausayi da safe, da hantsi kuma aka zane yaro don ya kasa 7 sau 8, darasin hantsi ne zai bi shi gida.

Malamanmu na mazhabar Malik sun riga mu lura da wannan. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara. A ciki ya wajabta wa malami ya daidaita tsakanin ɗan mai dukiya da ɗan talaka, ya hana shi duka cikin fushi, ya iyakance horo ga bulala uku sai da izinin uba, ya kuma so a koya wa yara lissafi. Ibn Khaldun ya ƙara da cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara, domin yakan nuna abin da ba shi ne a ransa ba don ya tsira. Kafin mu nuna lakkol da yatsa mu leƙa makarantun da ke harabar masallatanmu. A da yawa daga cikinsu allo ya tsage, alli ya ƙare, littafi babu, amma dorina ba ta taɓa ɓata ba. Wannan laifinmu ne, mu limamai da iyaye, kuma wanda ya iya kashe jikkuna a bikin suna bai da uzuri idan ɗansa ya tafi aji babu kaye babu bik.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, ƙarancin kayan aiki shi kansa wurin jarrabawa ne ga malami. Alli guda ne ya rage: wa za a ba? Littafi ɗaya ne ga yara huɗu: a gaban wa za a buɗe shi? Wa ake kira gaban allo kullum, wa aka manta da shi a layin baya tun farkon shekara? Yara suna ƙirga waɗannan abubuwa ƙirga mai kyau, ko da ba su iya 100 a cire 35 ba.

Lokacin da muke madarsa muna da littafin lissafi guda ɗaya ga kowane benci, mu huɗu. Malaminmu, Allah ya gafarta masa, ya tsara cewa littafin zai riƙa kwana gidan kowa bi da bi, ya rubuta sunaye a bayan bango. Ɗansa na cikinsa a bencinmu yake. Daren jarrabawa layi ya faɗo a kan wani yaro maraya da ke zaune wurin kakarsa, wanda ko fitilar kirki ba su da ita. Mu duka mun ɗauka littafin zai bi malam gida a wannan dare, tun da ɗansa ya fi kowa ƙoƙari, kuma ba wanda zai yi magana. Da aka tashi sai malam ya duba bangon, ya kira sunan marayan, ya miƙa masa littafin, ya kuma ce wa ɗansa idan yana son bita ya ɗauki fitilar gidansu ya same shi can bayan sallar isha'i. Ɗan ya yi kuka a hanya, muna gani. Daga bisani ya tafi da fitilar, mu biyun da muka rage muka bi shi, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan tsohuwar, muka yi ta raba-rabe har kananzir ya ƙare.