Wa Zai Zauna, Wa Zai Tsaya?

'Yan'uwa, tun shekarar 1911 da layin dogo ya iso Kano, matafiya suke fama da wata tambaya wadda ba ta tsufa: idan kujeru sun kasa, mutane kuwa sun yi yawa, wa zai zauna, wa zai tsaya? Tsofaffinmu da suka hau jirgin Kano zuwa Nguru sun san turereniyar bakin tarago. Mu ma mun san irinta a cikin motar kasuwar Dambatta.

Amsa ta fari ita ce ta ƙarfi: mai kafaɗa ya ture, ya shige. Ƙarfin aljihu ma ƙarfi ne. Bayan da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, rashin tsaro a hanyar mota ya sa jama'a suka yi masa caa. Sai wasu suka riƙa saye tikiti suna sayarwa a bayan fage da tsada, har aka koma sayar da shi ta intanet a 2021. Wanda ya ba da cin hanci domin kujera bai saye ta daga hannun hukuma ba, ya ƙwace ta ne daga talakan da ya yi sammako ya bi layi.

Amsa ta biyu ita ce ta layi: wanda ya riga zuwa shi zai zauna. Wannan adalci ne, kada mu raina shi. Amma layi ba shi da ido. Bai san tsohuwa mai ciwon gwiwa ba, bai san mace mai goyo ba. Su kuwa sukan zo a ƙarshe, ba don lalaci ba, sai don ƙafarsu ba ta da sauri.

To, saurayin da ya biya kuɗinsa, ya riga kowa, dole ne ya tashi? Kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Daga Kano zuwa Legas ya fi kilomita 1,100, ba tsayuwar wasa ba ce. Wataƙila shi ma daga gona ya fito, ko kuwa asibiti za shi. Babu dokar da za ta tashe shi, sai lamirinsa.

A nan ne ya kamata mu tuna da abin da muka gada. A wurin gayya, babu wanda yake riƙe garma tun safe har yamma. Wani ya huta, wani ya karɓa. Haka kujera take. Ba lalle mu bar ta ɗungum ba, ba kuma daidai ba ne mu rufe ido kamar masu barci. Mu zauna tasha biyu, mu ce, "Iya, zo ki huta." Wanda aka ba shi kuma ya tuna ya mayar, kada alheri ya zama wauta a idon mai yin sa.

A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Dambatta da Kazaure da Daura. Hukuma tana iya ƙara tarago, amma ba za ta saya mana kunya da tausayi ba. Waɗannan a gida ake koyon su, tun daga kan tabarma da bakin rijiya. Bari mu koya wa 'ya'yanmu tun yanzu, gama saurayin da yake zaune yau, shi ne tsohon da zai tsaya gobe yana duban fuskokin mutane.