Hukuncin Sana'ar Itace Da Gawayi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kano zai ga dammunan itace da buhunan gawayi jibge a bakin titi, suna jiran mota. A ƙauyuka irin su Lausu, da kewayen Kibiya, magidanta da yawa da wannan sana'a suke cin rani idan hatsin rumbu ya yi ƙasa. Ba ta da ofis, ba ta da rajista, ba kuwa wanda yake rubuta yawan itatuwan da suka faɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa a birni suka koma girki da gawayi, ciniki ya ƙara kankama.

Asalin sana'ar halal ne. Buhari ya ruwaito hadisin da Manzon Allah (S.A.W.) ya fifita mai ɗaukar igiya ya yo itace ya sayar a kan mai roƙon mutane. Saboda haka ba daidai ba ne a raina mai gatari.

To, amma akwai bambanci tsakanin tsintar busasshen itace da kayar da ɗanyen icce mai 'ya'ya. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyanu sa'ad da ya tura runduna Sham, inda ya hana su sare itatuwa masu 'ya'ya. Wannan fa a ƙasar abokan gaba ke nan, ana cikin yaƙi. Ina kuma ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya na gonar Musulmi? Ɗorawa ɗaya takan yi shekaru masu yawa tana ba mata kalwar daddawa, injin yankan itace kuwa ya gama da ita kafin azahar, kuɗin su ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Ƙirya, wadda maƙera suka fi son gawayinta, yanzu sai an yi tafiya kafin a gan ta.

Cutar ba ta tsaya ga mai gona ba. Ƙasar da ta rasa itatuwa ruwan sama yakan kwashe ta, zaizaya ta ci gonaki, laka ta gangara koguna. Kogin Kano ta dajin Falgore yake biyowa ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, kuma da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura. Watau saran da aka yi a kudu, manomin shinkafa da tumatir a arewa yana da rabo a cikin asararsa. Shari'a kuwa ta hana mutum neman amfaninsa ta hanyar cutar da wani.

Sai dai kuskure ne a ɗora alhakin duka a kan talakan ƙauye, wanda shi ne mafi ƙarancin riba. Dillalin da ya ba da kuɗin inji, da mai gidan burodin da yake sayen ɗanyen icce mota-mota yana sane, sun yi tarayya a ciki. Hukuma ma tana da ikon keɓe daji domin maslaha, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma wajibi ne a bi dokarta. Malamin dajin da ya karɓi na goro ya kau da kai, rashawa ya ci.