Guzurin Wuni Guda a Birnin Dabo

An idar da sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba. Kai da za ka kai iyalinka ko ɗalibanka Kano yau, su ga Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ku juyo kafin dare, ɗan dakata kafin a tada mota. Zauna ka tuna Suratul Kahfi, domin surar nan ba ta manta da cikin matafiyi ba.

Ba sau ɗaya ba maganar abinci ta shigo cikinta a tsakiyar babban al'amari. Samarin kogo sun farka daga barcin shekara 309, sai suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa, ya duba abincin da ya fi tsarki ya sayo musu, ya kuma bi a hankali. Annabi Musa (AS) ya kama hanyar mahaɗar tekuna biyu don neman ilimi, da kifi a cikin guzurinsa, kuma da gajiya ta kama shi bai ji nauyin ce wa yaronsa ya kawo musu kalaci ba. Annabi ne, ilimi ya fita nema, amma ya san jikin ɗan Adam yana da haƙƙi. To, ina ga mai zuwa buɗe ido da mota cike da yara?

Mu ɗauka daga Zariya za ku tashi. Tafiyar ta kai kilomita 150 ko kusa da haka, ta wuce nisan da malamanmu suka ƙayyade wa kasaru, don haka ku san hukuncin sallarku tun daga gida. Kada a fita da ciki wayam. Koko da ƙosai, ko shayi da burodi, a ci a zaune, a kuma cika jarkar ruwa. Dala za a fara, tun rana ba ta yi ƙarfi ba, saboda a saman dutsen babu inuwar kirki, matakalar kuma ba ta tausaya wa gwiwar tsoho. Daga can ake ganin tsohon birni a shimfiɗe, Goron Dutse yana daga yamma. In an sauko sai Gidan Makama da hantsi, inda yara za su ji labarin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda fadar Kano take ɗauke da sunansa har yau, wanda kuma aka kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa.

Kurmi ce mai cinye lokaci. Lungunanta ƙanana ne, kowane kuma yana kiran ido: takalman fata, tandun kwalli, ƙwarya mai zane, kayan doki. Mutum ya shiga da niyyar minti ashirin, sai kiran Azahar ya same shi yana ciniki. Saboda haka a ɗaure wunin da lokutan salla, su ne ba sa matsawa don kowa. Azahar ta zama lokacin hutu da abincin rana. Ga Jakara nan kusa, unguwar da ta yi suna da gurasa. A samu bandashe, da ƙuli-ƙulinta da mai da albasa, ko a haɗa ta da tsire. A ganina tuwo da rana tsaka bai dace da mai sauran yawo ba, kasala yake kawowa. Kuma a yi koyi da samarin kogo, a duba inda za a ci: tsabtar wurin, ruwan wanke kwano, ko abincin a rufe yake. Daga nan a leƙa marina, a ga yadda ake tsoma yadi cikin baba ana ɗagowa iska ta buge shi har shuɗin ya kama. Ana yin La'asar a kama hanya. In ranar Juma'a ce a sake lissafi, don hanyoyin da ke kewayen fada da Babban Masallaci sukan cushe tun kafin huɗuba.

Ɗan'uwa, wannan lissafi duka don mafi rauni a cikin ayarinku ake yin sa. Kai jagora, ɗokin nuna wa mutane gari zai hana ka jin yunwa. Amma akwai Inna mai ciwon suga da ba ta shan magani sai ta ci, akwai mai shayarwa, akwai yaron da ba zai ce komai ba sai dai ya fashe da kuka. Akwai direba, wanda sau da yawa ake bari a mota a shiga kallo, ba a tambaye shi ko ya karya ba. In ka ƙi yin tanadi, sannan ka juyo kana cewa mai jin yunwa ya yi haƙuri, ka ɗora masa nauyin sakacinka ne da sunan wa'azi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan zo Hajji ba guzuri, suna cewa tawakkali suka yi, in sun iso Makka sai su shiga roƙo. A kansu umarnin yin guzuri ya sauka.

Duk da haka, a cikin Suratul Kahfi ne aka hana mu cewa za mu yi abu gobe ba tare da jingina shi ga nufin Allah ba. Taya tana iya fashewa a Kwanar Ɗangora, cunkoson A Daidaita Sahu ya riƙe ku, ko ku tarar da ƙofa a rufe. Yaron Annabi Musa ya manta bai ba da labarin ɓatan kifin ba sai da suka yi nisa, kalacin ma babu shi. Annabi Musa bai tsaya faɗa ba, domin ya gane ɓatan kifin shi ne alamar wurin da suke nema, suka juya suna bin sawunsu. In wani ya manta kular abinci a gida yau, ka riƙe harshenka kafin ka buɗe shi a gaban yara.

Ya Allah, Ka sa albarka a sammakonmu. Ka ciyar da mu halal a garin mutane, Ka kiyaye direbanmu daga gyangyaɗi da gaggawa, Ka ba tsofaffinmu ƙarfin gwiwa, Ka dawo da mu gida ba tare da mun ɓata wa juna rai ba. Amin.