KUNNE MA AMANA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yi mana baiwar ji da gani da hankali ba tare da mun biya ko anini ba. Tsira da amincinSa su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



A wannan mako za mu tsaya ne a kan wata tambaya da wani saurayi, akawu a wani ofis, ya yi mini bayan mun idar da sallar Azahar. Ya ce yana so ya sayi na'urar sauraro ta kunne, watau abin nan da samari ke kira iyafis ko hedifon, wadda zai iya wuni da ita a wurin aiki ba ta gajiyar da kunnensa ba, kuma ƙarama ce ƙwarai yadda ba wanda zai lura da ita. Ya ce niyyarsa ya riƙa sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi yana aiki. Shin akwai laifi a cikin wannan? Na ce masa ya yi mini haƙuri in amsa masa a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai ne ke da wannan tambaya ba.

Da farko ya kamata mu tuna yadda abin ya zo mana. Dattijai sun san lokacin da rediyo guda ke tara mutanen unguwa a ƙofar gida a watan azumi, ana sauraron tafsirin da ake watsowa daga Kaduna, wanda bai gane wata aya ba ya tambayi na kusa da shi. A wancan zamani duk abin da mutum ke ji, maƙwabcinsa ma yana ji. A cikin 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ƙaramar rikoda mai suna Walkman, wadda mutum ke ratayawa ya ji kaset shi kaɗai yana tafe. A cikin 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, daga baya ta zama ita ce rediyon, ita ce rikodar. Kana a cikin 2016 kamfanin Apple ya fito da AirPods, waɗanda ba su da igiya, sauran kamfanoni kuma suka cika kasuwa da ire-irensu masu arha. Yau ga shi na'urar ta ƙanƙance har hula ko mayafi na iya rufe ta ɗungum. Sauraro ya tashi daga abin tarayya ya koma sirri tsakanin mutum da kunnensa.

Ita na'urar a kan kanta ba ta da wani laifi. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, asalin abubuwan amfani na duniya halal ne, sai wanda dalili ya hana. Hasali ma akwai wurin da sa ta ya fi barinta alheri. Mutumin da ke zaune ofis ɗaya da mutum biyar, ya ware muryar wayarsa kowa na ji ko yana so ko ba ya so, ya cuce su, ko da kuwa wa'azi ya kunna. In ya sa abin a kunnensa ya hutar da su. Haka nan akwai waɗanda aikinsu ma ba ya yiwuwa sai da ita, kamar ma'aikatan gidajen rediyo, da tafintoci a wuraren taro, da masu amsa kiran jama'a a kamfanonin waya, da matuƙan jirgin sama. Waɗannan ba maganarsu muke yi ba. Maganarmu a kan wanda ya sa ta ne don jin daɗin kansa ko ƙaruwar kansa, a cikin sa'o'in da ake biyansa albashi a kansu.

To, abin da ya fara tsaya mini a rai cikin tambayar saurayin nan shi ne cewarsa yana son wadda ba za a lura da ita ba. Wa ake so kada ya lura? In nufinsa shi ne kada ya zama abin kallo, ko kada ya yi kama da mai taƙama da kayan tsada a cikin abokan aikinsa, to wannan kunya ce, kuma kunya abin yabo ce. Amma in nufinsa shugabansa kada ya gani, domin ya san in ya gani zai hana, ko kuwa wanda ya zo da buƙata ya zaci ana sauraronsa alhali kuwa hankali na wani wuri, to lalle an shiga babin algus. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, sai ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Ya tambayi mai hatsin me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Ma'aikacin da fuskarsa ke kallon mai magana amma kunnensa na cike da wata murya, shi ma busasshe ya nuna a sama, ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa: in shugabana ya shigo yanzu, zan yi wuf in cire ta? In amsar i ce, to zuciyarsa ta riga ta ba shi fatawa. Hausawa na cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dalilin haka kuwa a fili yake a cikin littattafan fiƙihu, a babin ijara. Malamai sun raba 'yan ƙodago gida biyu. Akwai wanda ake biya a kan aikin da ya gama, kamar tela mai shagon kansa ko maƙeri. Wannan lokacinsa nasa ne, in ya ga dama ya yi ɗinkinsa yana sauraron abin da ya halatta, muddin ɗinkin ya fita daidai kuma a ranar da ya yi alkawari. Akwai kuma wanda aka ɗauka don lokacinsa, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, kamar akawu da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai gadi. Shi wannan ya sayar da sa'o'in nan, kuma ba zaman jikinsa a kan kujera kaɗai aka saya ba, har da hankalinsa. Suratul Muɗaffifina ta yi narko mai tsanani ga waɗanda ke karɓar mudu cikakke in su ne masu saye, su tauye in su ne masu awo. Wanda ke karɓar albashinsa cif a ƙarshen wata, amma ya ba da rabin hankali a bakin aiki, ya duba kansa da kyau a gaban wannan sura. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan ba ya nufin kowane sauraro tauye mudu ne. Ayyuka iri-iri ne. Mai jera kaya a sito, ko mai shara, ko mai guga, hannunsa ne ke aiki, kunnensa na iya ƙaruwa da ilmi ba tare da aikin ya ragu ba, in dai mai aikin ya sani kuma ya yarda. Amma mai lissafin kuɗin mutane, da mai ba da magani, da mai tsaron ƙofa, da mai aiki kusa da injin da ke iya cin hannu, da direba ko ɗan acaɓa wanda rayuka ke wuyansa, waɗannan kunnensu yana cikin kayan aikinsu. Taura biyu ba ta taunuwa. In kuma ma'aikata ta kafa dokar hana sa ta, ai magana ta ƙare, gama Musulmi mai cika sharaɗin da ya amince da shi ne.

Bayan haƙƙin mai aiki sai haƙƙin mutanen da ke zuwa. Na taɓa tsayawa a layi a wani ofis, a gabana akwai wani dattijo riƙe da takardunsa a cikin leda. Ya yi sallama sau uku, akawun na kallon kwamfutarsa bai ko motsa ba. Dattijon ya juyo ya dube mu, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Ko don an ga ni talaka ne?" Sai da wani masinja ya taɓa kafaɗar yaron, ya zabura ya zaro abu daga ƙarƙashin hularsa. Na tabbata yaron nan bai yi nufin wulaƙanci ba, kuma ya ba da haƙuri. Amma dattijon ya riga ya ji zafin, kuma da ya ga na'urar tun farko da bai ji shi ba, da sai ya ɗaga hannu kawai. Ashe ɓoyuwar nan da ake nema ita ce ta jawo ɓacin ran. Amsa sallama wajibi ne da nassin aya ta 86 ta Suratun Nisa'i. Wanda ya toshe kunnensa da gangan a wurin da aka ajiye shi don karɓar mutane, ba shi da uzurin cewa bai ji ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Mutum na iya kasancewa cikin kiran waya, na'urar na ɓoye a kunnensa, abokan aiki su shigo su saki baki suna maganar da ta shafi sirrin ofis ko sirrin gidajensu, ba su san akwai wani a can ƙarshen layi yana ji ba. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya yi gargaɗin azabar narkakkiyar darma a kunne ga mai sauraron zancen mutane alhali ba su so. Wanda ya buɗe wa wani wannan ƙofa ba zai kuɓuta daga alhaki ba. Ladabi shi ne ka ce, "Ku dakata, ina kan waya."

Sai mu dawo kan niyyar saurayinmu, watau sauraron Alƙur'ani. Niyya ce kyakkyawa, Allah Ya ba shi ladanta. Sai dai aya ta 204 ta Suratul A'arafi ta umurce mu da kasa kunne da yin shiru sa'ad da ake karanta Alƙur'ani. Malamai sun yi saɓani a kan ko umurnin na wajibci ne a wajen salla ko na mustahabbi, amma ba su yi saɓani ba a kan cewa maganar Allah ta cancanci girmamawa. Bai dace a mayar da ita kamar ƙarar fanka ba, tana tafiya a kunne mutum na ciniki ko yana raha ko yana faɗa da masinja. Wanda aikinsa na hannu ne, zuciyarsa na iya bin karatun, to madalla. Wanda kuwa aikinsa na tunani ne, zai tauye ɗaya daga cikin biyun: ko ya kuskure lissafi, ko ya yi sakaci da ayoyin. Minti 15 da natsuwa a lokacin hutu, ko a cikin mota in ba shi ke tuƙi ba, sun fi sa'a 8 na gafala. Kuma abin kunya ne a ce mutum ya rasa jam'i domin wa'azin da ke kunnensa ya hana shi jin kiran salla.

Haƙƙi na ƙarshe shi ne na kunnen kansa. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Tambayar ta haɗa da abin da ya zuba a ciki, na giba ko batsa ko ƙarya. Sa'an nan kiyaye lafiyar gaɓar ma yana cikin riƙon amana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraro da ƙarfin da ya wuce kima. Ma'aunin da ta bayar ga babban mutum shi ne ƙarfin sauti na desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako, watau kimanin makon aiki guda; in aka ɗaga zuwa desibel 90, lokacin da ba shi da haɗari sai ya faɗo zuwa sa'a 4 kacal a mako. Ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar ƙarfin na'urar. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa. Ɓarnar kuwa a hankali take zuwa ba tare da ciwo ba, sai mutum ya fara jin ƙugi a kunne, ko ya riƙa cewa "Na'am?" a cikin taro. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, ɗana, ga shawarata game da zaɓin. Ka fara da neman izinin shugabanka a fili. In ya yarda, kada ka nemi wadda ta fi ɓoyuwa, ka nemi wadda za ta bar ka ka ji ɗan'uwanka. Akwai irin da ke zama a bakin kunne ba ta toshe ramin ba, akwai kuma wadda ke aika sauti ta ƙashin kunci, kunne na nan a buɗe. In ta roba mai shiga rami ce gare ka, ka sa guda ɗaya kawai, ka zaɓi robar da ta yi daidai da kunnenka, domin wadda ta matse ita ke kawo ciwo. Masu kashe hayaniyar waje suna da amfani a wuri mai ƙara, gama suna sa mutum ya rage murya, amma ba su dace da mai karɓar jama'a ba. Ka riƙa cire ta kana hutar da kunne, ka tsabtace ta, kada ka yi aronta ko ka ba da aro. Da zarar mutum ya tsaya a gabanka, ka cire ta ya gani, ka ajiye a kan tebur, kana ka amsa sallamarsa. Kada kuma ka ci bashi don sayen mai tsada alhali akwai haƙƙin iyaye da na iyali a kanka.

Allah Ya sa mu cikin masu sauraron magana su bi mafi kyawunta, Ya halatta mana abin da muke ci, Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin muna raye. Amin.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.